Kiɗa ma magani ne, in ya samu masani

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, mu uwaye, sau nawa muke duban fuskar ɗiyanmu? Yaro ɗan shekara 15 ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya bar zuwa lakwal ko rumfar kasuwa, ya ƙule cikin ɗaki, sai mu ce lalaci ne, ko iskoki, ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa ciwon damuwa ne, cuta mai alamomi, mai kuma magani. Ƙungiyar kiyon lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar tunani, damuwa kuwa tana sahun gaba. A Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ba ta wasa ba ce.

Ra'ayinmu shi ne a saka kiɗa cikin kayan jiyyar waɗannan yara. Jiyya da kiɗa sana'a ce da ake koyo: a Amurka aka soma koyar da ita a jami'a cikin shekarar 1944, lokacin da ake kai makaɗa asibitocin sojojin da yaƙin duniya na biyu ya gigita. Mai jiyya yakan zauna da yaro, ya miƙa masa ganga ko molo su buga tare, ko su tsara waƙa. Abin da kunya ta hana baki faɗi, sai hannu ya faɗe shi, daga nan zance ya buɗe. Wannan ya sha bamban da barin yaro shi kaɗai da salula, yana sauraren waƙoƙin baƙin ciki dare da rana.

An gwada, an kuma auna. A birnin Belfast na Ailan ta Arewa an bi yara 251 masu shekara 8 zuwa 16; waɗanda aka ƙara wa kiɗa mako 12 bisa jiyyar da aka saba, damuwarsu ta ragu, sun ƙara sanin darajar kansu. A 2017 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara bincike 9 kan mutane 421, galibinsu manya, suka tarar kiɗa haɗe da jiyya ya fi jiyya ita kaɗai, a gajeren lokaci. Ke nan kiɗa mataimakin lokotoro ne. Yaron da ya soma zancen kashe kansa, ranar nan za a kai shi asibiti.

Wani zai ce ai bori ne ake son maido mana ta bayan gida. Gogen bori iska yake kira. A nan babu wanda ake kira sai shi yaron, ya fito daga ƙuncinsa. Musulmi ma sun riga Turawa: asibitin da Sarkin Musulmi Bayazidu na biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya a 1488 ya yi jiyyar masu taɓin hankali da kiɗa da ƙarar ruwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da molo ba, waƙa da baki kaɗai ma hanya ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, amma makaɗa ba su yi mana ƙaranci ba, daga Maraɗi da Damagaram har Tawa, ga kuma cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Muna kira ga magabatan kiyon lafiya da na ilimi su haɗa malaman asibiti da makaɗa masu mutunci, a horar da su tare, a soma gwaji a ƴan makarantu, a auna sakamako. Ku kuma ƴan kasuwa, kaɗan daga abin da ake liƙa wa makaɗa ranar biki ya isa ya sayi ganguna, ya biya mai koyarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗiyan kuwa namu ne duka.