Ɗigon mai ƙarƙashin tsohon babur

A wannan mako zancenmu bisa tsohon babur ne. A shekara ta 1968 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da DT-1, babur mai bin kwalta da daji. Ƙanensa DT125 ya yi suna a karkararmu, inda malaman gona da ma'aikatan kiwon lafiya suka daɗe suna ratsa rairayi da shi. Yau baburan ƙasar Sin sun cika kasuwa, amma har yanzu akwai masu riƙe da tsofaffin nan.

Ina cikinsu, domin na gaji ɗaya daga kawuna. Wata safiya na tarar da ɗigon mai a zaure, daidai inda yake kwana. Yaron garaji na farko da na kai ma shi ya shafe wurin da gam, ya karɓi kuɗinsa. Kwana uku ɗigon ya komo. Sai na tafi wurin wani dattijon makanike, na ce: "Baba, a buɗe injin nan." Ya ce: "Ɗana, ba a yin fiɗa kafin a san ciwo. Je ka wanko shi."

Ga dalilinsa. Irin wannan inji mai biyu gare shi. Na farko yana gauraya da isansi ya ƙone, shi ne hayaƙin da muke gani. Na biyu yana zaune cikin akwatin sauya gudu, wato buwat, yana jiƙa haƙoran ƙarfe da ambiriyaji. Wannan na biyu bai kai lita 1 ba, kuma ba ya ƙonewa. Saboda haka in ya ragu, tabbas wata kafa ya samu.

Neman kafar ba ya bukatar kuɗi. A wanke injin da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda ko toka mai laushi ta waje, a yi ƴar tafiya, sannan a duba. Mai yana gangarawa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya, don haka inda ya ɗiga ba nan ne mafarinsa ba. A bi sawunsa zuwa gaba da sama har inda hodar ta fara jiƙewa. A kuma lura, man da aka shafa ma sarƙa da baƙin man da salansa ke tofarwa sukan ruɗi mutum.

Kafofin da aka fi samu su ne zoben roba, wanda masu gyara ke kira juwan, da ke bayan ƙaramin pinyo mai jan sarƙa, sai na sandar sauya gudu, sai na sandar kik, sai takardar murfin ambiriyaji, sai ɗan zoben ƙarfe na notin juye mai. Akwai kuma abu biyu da ke sa lafiyayyen juwan ya yi yoyo: cika mai fiye da ƙa'ida, da toshewar ɗan tiyon da buwat ke numfashi ta cikinsa. In ƙura ko zanzaro suka toshe shi, iskar ciki takan kumbura da zafi, ta turo mai waje.

Nawa babur, na bayan pinyo ne. Tsufa da zafin rana sun busar da robar, ni kuma na ɗaure sarƙa tamau, tana jan sandar gefe guda. Baba ya cire pinyo, ya ɓanɓaro tsohon juwan a hankali don kada ya karce mazauninsa. Ya shafa ɗan bututun ƙarfen da robar ke gogawa, ya ji ta yi masa zane, ya sake shi, domin sabon juwan bisa zanannen ƙarfe aikin banza ne. Ya shafa ma sabon mai, ya juya gefen da ke da ƴar waya zuwa ciki, ya buga shi daidai, ya sassauta sarƙa.

Sai dai akwai yoyon da ba a gani a ƙasa. In mai yana raguwa babu ɗigo, hayaƙi ya yi kauri, buji yana yawan baƙi, to juwan ɗin ciki na wajen ambiriyaji ya mutu, injin yana tsotse man buwat yana ƙonawa. Wannan kam sai an buɗe murfi.

Kada kowa ya raina ɗigo. Man da ke fita bayan pinyo yana iya kai wa ga tayar baya, ta yi sulɓi a kan kwana. In kuwa buwat ta bushe ta cije ana cikin gudu, tayar baya takan tsaya cik, kuma matsa ambiriyaji ba ya sakin ta. Ɗan kasuwa mai nufin Jibiya da kaya, ko ma'aikaci mai goyon yara zuwa lakwal, ransa ne da na iyalinsa a kai.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin babur da dare, a duba shi da safe. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.