Waya Ba Ta Kashe Sana'ar Hoto Ba: Darasi Daga Kamfanonin Japan



Akwai maganar da ta yi yawa a bakin iyaye, cewa sana'ar hoto ta mutu tunda kowa yana da kyamara a wayarsa, don haka yaro ya nemi wani abin yi. Mu dai ba mu yarda da haka ba, kuma tarihin kamfanonin Japan da ke ƙera kyamarorin da matasanmu ke ratayawa a wuya wajen biki da suna ya ishe mu hujja.

Kamfanin Nikon ya fara ne a 1917 da sunan Nippon Kogaku, yana yin madubin hangen nesa da makamantansa, bai fitar da kyamararsa ta farko ba sai 1948. Canon kuwa daga wani ƙaramin ɗakin gwaji ya taso a birnin Tokyo a 1933, kuma kyamarar da ya fara sayarwa, gilashin Nikon ne a gabanta. A wancan zamani Jamus ce ke riƙe da kasuwa da Leica da Contax, kayan Japan kuwa kallon kwaikwayo ake yi musu.

Inganci ne ya juya lamarin. A 1950 wani mai ɗaukar hoto na mujallar Life, David Douglas Duncan, ya yi aiki da gilashin Nikon a yaƙin Koriya, duniya ta ga kyawun hotunan. A 1954 aka kafa cibiyar da ke duba kyamarorin da za a fitar waje, nau'in da bai cika sharaɗi ba ba ya barin ƙasar. Daga nan Nikon F ta fito a 1959, Canon AE-1 a 1976, Jamus ta koma baya.

Masu cewa waya ta yi ɓarna suna da gaskiyarsu. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Casio ya daina yin ƙananan kyamarori a 2018, Olympus ya sayar da sashen kyamararsa a 2021. Sai dai mu lura da abin da ya fi faɗuwa: ƙananan kyamarorin aljihu ne, waɗanda waya ke iya yin aikinsu. Na ƙwararru, ko da yake su ma sun ragu, suna nan. Sony, wanda ya gaji sashen Minolta a 2006, ya fito da Alpha 7 marar madubi a ciki a 2013, har Canon da Nikon suka bi sahu a 2018. Fujifilm ya ga kasuwar fim ta rushe, ya shiga kayan asibiti da magunguna, kuma bai bar kyamara ba, alhali Kodak na Amurka ya durƙushe a 2012.

Haka abin yake a sana'ar yaranmu. Mai hoton da ba ya yin fiye da abin da waya za ta yi, shi ne kasuwarsa ta mutu. Amma amarya ba za ta miƙa ranar bikinta ga wayar ƙawarta ba, ɗan kasuwa mai tallan shadda a intanet kuma yana son a ga launi da sheƙin kayansa yadda suke.

Don haka shawararmu ga matashin da zai fara: kada tsadar dala ta sa ka ci bashin sabuwar kyamara. Tokumbo mai lafiya ta Canon ko Nikon, irin da ake samu a Alaba ko Computer Village a Legas, za ta ciyar da kai. Ka je da wanda ya san kan abin, a duba adadin hotunan da ta ɗauka, a duba ko gilashin ya yi fumfuna. Ka fi zuba kuɗi a gilashi da fitila, domin gilashin Canon na EF, wanda ake yi tun 1987, yana hawa sababbin kyamarorinsu da ɗan mahaɗi. Sannan ka zauna a hannun maigida ka koyi haske da gyaran hoto.

Iyaye kuma mu taimaka musu da jari da addu'a maimakon sanyaya musu gwiwa. Manyan masu hoto da ke cikinmu, don Allah kowa ya ɗauki yaro ko da ɗaya ne.

Allah ya sa albarka a neman kowa.

Sakataren Ƙungiya