Tsakaninmu Mata: An Ce Kansa Ce, Shi Ke Nan Haihuwa?

Yau babu zancen anko ko lefe, ku gyara zama.

A littattafan soyayya, da zarar likita ya fito yana girgiza kai ya ce kansa ce, an cire mahaifa ke nan, uwar miji kuma ta shiga nema wa ɗanta wata. Wallahi wannan tsoron ne ke sa mace ta ga jini bayan saduwa da maigida, ko jini ba lokacin al'ada ba, ko ruwa mai wari, ta ja bakinta ta yi gum, tana ta shan jiƙe-jiƙe.

Alhali kansar bakin mahaifa, in an cim mata da wuri, ba dole ne ta raba mace da mahaifarta ba. In ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan yanki kawai ake yankewa daga bakin mahaifar, mai siffar mazurari. In ta ɗan fi haka, amma ba ta wuce santimita 2 ba, ba ta kuma bazu zuwa kaluluwar da ke cikin ƙugu ba, akwai aikin da wani likitan Faransa, Daniel Dargent, ya bayyana a 1994. Ana cire bakin mahaifar da naman da ke kewaye da shi, a bar ɗakin da jariri ke kwanciya, a zuge ƙasansa da zare mai ƙarfi kamar bakin jaka.

Ba zan yi muku daɗin baki ba, cikin da aka samu bayan wannan aikin na lallaɓawa ne. Ɓari da haihuwar bakwaini sun fi yawa, haihuwar kuma sai ta tiyata. Likita kan ce a dakata wata 6 zuwa shekara kafin ɗaukar ciki, a riƙa komawa ana dubawa. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, don haka ki ajiye kunya ki ce wa likita, "Ina son haihuwa," tun kafin a tsara magani. In ciwon ya girma sai gashi, shi kuwa gashi yana kashe ƙwan mace.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, ta hanyar saduwa, kuma matar aure kamila ma tana iya ɗauka, kar wata ta yi wa wata gori. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, allura ɗaya tak. Ku karanta wa Umma wannan shafin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.