Annoba ta wuce, shingen biza yana nan: wa zai yi magana a kan harsunanmu?

A ƙarshen daminar shekarar 2021 aka karɓi wata takarda tawa domin gabatarwa a wani taron masana harsuna a Turai. Takardar a kan karin sauti ce a wani ƙaramin harshe na dangin Cadi da ake magana da shi a ƙasar Bauchi, kuma na shafe shekara huɗu ina tattara bayananta daga bakin tsofaffi. Na sauka Abuja na miƙa fasfo da takardar gayyata da bayanin asusun banki, na koma gida ina jira. Ana cikin haka aka sanar da ni cewa katin rigakafin da aka ba ni a nan gida bai isa ya kuɓutar da ni daga killacewa ba. Da na yi lissafi, taron kwana uku zai ci mini kwana 10 a ɗaki can, da wasu 7 a nan idan na dawo, ga gwaji kafin tashi da bayan sauka. Fasfon ma bai dawo hannuna ba sai bayan an watse. Wani abokin aiki Bature ya karanta takardar a madadina, aka yi tambayoyi, ba mai amsawa.

Ban kawo wannan labari don neman tausayi ba, kuma ba na cikin masu cewa killace matafiya zalunci ne a kan kansa. Dabara ce tsohuwa. Kalmar da Turawa ke kiranta da ita ma ta samo asali ne daga "arba'in" a bakin mutanen Benis na ƙasar Italiya, saboda kwana 40 da suke tsare jiragen ruwa a lokacin annoba. Mu ma Nijeriya mun rufe filayen jiragen samanmu a watan Maris na 2020, ba mu buɗe wa jiragen ƙasashen waje ba sai Satumba, kuma a Mayun 2021 mun hana baƙin da suka fito daga Indiya da Brazil da Turkiyya shigowa. Kowace hukuma tana da haƙƙin kare rayukan mutanenta. Abin tambaya a nan shi ne, da wane mudu aka yi awo, na cuta ko na fasfo?

Mai karatu ya duba abin da ya faru da rigakafi. A watan Maris na 2021 Nijeriya ta karɓi kusan allurai miliyan 4 na AstraZeneca ta hannun shirin COVAX, waɗanda aka sarrafa a Indiya da sunan Covishield. Ƙasashe masu arziki ne suka zuba kuɗi a wannan shiri, suka kuma yi ta kiran mu fito a yi mana. Amma da Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar tafiye-tafiye a watan Yuli na wannan shekara, sai ga shi Covishield ba ya cikin jerin da hukumar magungunanta ta amince da su, aka bar kowace ƙasa ta yanke nata hukunci. Wato an ba ka magani da hannun dama, an ce da hannun hagu ba a san shi ba.

Na biyu ya fi wannan ɗaci. A ƙarshen Nuwamban 2021 masana kimiyyar Afirka ta Kudu da Botswana suka gano sabon nau'in Omicron, suka gaggauta sanar da duniya kamar yadda amana ta tanada. Ladan da suka samu shi ne rufe musu ƙofa. Ingila ta saka ƙasashen kudancin Afirka a jerin da ta kira ja, ranar 6 ga Disamba ta ƙara da Nijeriya. Baƙo ba shi da hanyar shiga ko kaɗan, wanda kuma ke da izinin zama sai ya kwana 10 a otal a kan Fam 2,285, fiye da Naira miliyan ɗaya a canjin lokacin, albashin watanni na babban malamin jami'a. Alhali hukumomin Holan sun tabbatar da cewa nau'in yana cikin samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya kamanta matakin da wariyar launin fata. Ranar 15 ga Disamba aka soke jerin baki ɗaya, domin cutar ta riga ta game gari a can. A cikin kwana tara kacal an rushe shirin tafiyar mutane da yawa, an kuma nuna mana matsayinmu.

Haƙiƙa annobar ba ita ta haifi wannan matsala ba, asirinta kawai ta tona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a Mayun 2023, killacewa ta zama tarihi, amma shingen biza ko gezau. Tun a 2022, a babban taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Montreal ta Kanada, wakilai da dama daga Afirka, nahiyar da cutar ta fi yi wa illa, ba su samu biza ba, har masu shirya taron suka fito fili suka koka. Daga 2022 zuwa 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriyar da suka nemi bizar Shengen an hana su, kuma kuɗin nema, wanda ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a 2024, ba a mayar wa kowa.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a rashin halartar taro? A fagenmu na nazarin harshe, taro shi ne kasuwa. A nan ake tsefe aikin mutum kafin ya kai ga mujalla, a nan edita ke ganin matashin malami ya nemi takardarsa, a nan ake ƙulla aikin haɗin gwiwa. Taron masana harsunan Afirka na shekara-shekara ana yin ɗaya a Leiden ta Holan, ɗaya a jami'o'in Amurka, kuma taron harsunan Cadi, dangin da Hausa ta fito daga cikinsa, ya fi zama a biranen Turai. Ba na raina aikin masanan can, da yawansu malamanmu ne. Amma idan mai harshe ba ya cikin ɗakin, ana yi masa aski ne ba ya nan. Kuskuren da ɗan gida zai gyara da jimla ɗaya sai ya shiga littafi ya zauna shekara 20.

Sai dai annobar ta bar mana darasi mai amfani. Babban taron duniya kan nazarin harsunan Afirka karo na 10, wanda Leiden ta ɗauki nauyinsa a 2021, ta intanet aka yi shi, kuma malamai da ɗaliban da ba su taɓa mallakar fasfo ba sun gabatar da aiki daga ofisoshinsu. Gaskiya ne akwai ɗaukewar wuta, da tsadar data, da muryar da ke yankewa daidai lokacin da mutum ke nuna bambancin karin sama da na ƙasa. Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Abin takaici, da cutar ta lafa sai tarurruka da yawa suka rufe wannan taga.

Don haka ina da kira uku. Na farko ga ƙungiyoyin masana na duniya: kada a zaɓi garin taro sai an tambaya ko waɗanda ake magana a kansu za su iya shigarsa, a fitar da takardun gayyata wata shida kafin lokaci, kuma a bar hanyar intanet a buɗe da rangwamen kuɗin rajista. Shi babban taron da na ambata ya nuna abin mai yiwuwa ne, domin ya zauna a Lome a 2000, Addis Ababa a 2006, Buea a 2012, Rabat a 2018, da Nairobi a 2024.

Na biyu ga jami'o'inmu da asusun TETFund, mai tallafa wa malamai zuwa tarurruka: kuɗin da zai kai mutum biyar Turai zai iya gyara ɗaki ɗaya da wutar rana da intanet mai ƙarfi wanda ɗaruruwa za su amfana da shi. A kuma ware kaso domin karɓar baƙuncin tarurruka a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Malami daga Yamai ko Accra ba ya buƙatar biza ya zo, ko da yake dole mu gyara namu tsarin biza da tsaro domin na nesa.

Na uku gare mu malamai: mu daina ɗaukar takardar da aka karanta a waje da daraja fiye da wadda aka karanta a gida, musamman a wajen ƙarin girma. Muddin muna haka, mu da kanmu muke ƙara wa shingen tsawo.

Wata annoba za ta zo, ko ba daɗe ko ba jima, kuma mun riga mun ga ƙofar da ake fara rufewa. Tun kafin lokacin ya kamata mu gina zaurenmu. Allah Ya sa mu dace.