A Horar da Masu Yi wa Marasa Lafiyarmu Allurar Insulin

Jama'ar El Alasan Mairairai, da 'yan uwanmu na ƙasar Mayahi da Tasawa, iyayenmu sarakuna da masu gari, malamai da ma'aikatan lafiya:

Ciwon sukari ya shigo ƙauyukanmu, kuma cikin masu fama da shi akwai waɗanda ransu ya rataya a kan allurar insulin, wasu sau biyu a rana, wasu fiye da haka. Likitan da ya rubuta maganin yana Mayahi, ko Tasawa, ko babban asibitin Maraɗi. Mai yin allurar kuwa yana cikin gida: uwa, ko mata, ko ɗa ɗan makaranta, ko maƙwabcin da aka ce hannunsa ya saba. Ba wanda zai hau kabu-kabu ko amalanke safe da yamma, yana keta rairayi, don a yi masa allura a CSI, wato cibiyar lafiya. Saboda haka kiranmu shi ne a horar da masu jinyar nan, tare da wakilan lafiya na garuruwa da ma'aikatan ɗakunan shan magani, horon da ƙwararre zai gani da idonsa ya tabbatar.

Kafin 1921, yaron da jikinsa ya daina yin insulin ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da maganin a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, ya samu sauƙi. Maganin ya iso mu, alhamdu lillahi. Sai dai insulin kamar wuta yake, ita ke dafa tuwo, ita kuma ke cinye rumbu. Tsakanin abin da zai ceci mutum da abin da zai sumar da shi, 'yan layuka ne a jikin sirinji.

Mu ɗauki sirinjin kansa. Akwai insulin mai ƙarfin 100, akwai mai ƙarfin 40, kowanne da nasa sirinji. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin mai 40, ya tsaya a lamba 20, to 50 ya zuba wa majinyaci, ninki biyu da rabi ke nan. In kuma aka juya, 8 kaɗai zai samu a maimakon 20. Lambar tana rubuce a jikin kwalba da jikin sirinji, amma wa ya taɓa nuna wa mai jinya inda zai duba? Haka nan akwai insulin garau kamar ruwa mai saurin aiki, wanda ake yi kusan rabin awa kafin cin abinci, akwai mai fari-fari mai jan lokaci, wanda sai an murza kwalbarsa a hankali tsakanin tafin hannu kafin a zuƙa. Musanya su kuskure ne babba. Wurin tsira allura ma sai ana canzawa, a ciki ko a cinya, domin in aka nace wa wuri ɗaya sai ya yi kulu, maganin ya daina shiga jiki daidai.

Haɗari mafi saurin kisa shi ne faɗuwar sukari, kuma rayuwarmu ta karkara tana buɗe masa ƙofa. Manomi ya yi allura da asuba, ya saɓa hauya ya tafi gona da ɗan guntun fura a cikinsa. Ko damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, an koma ci sau ɗaya, amma allura tana nan yadda aka rubuta ta lokacin kaka. Sai ka ga mutum yana gumi, yana karkarwa, yunwa ta taso masa, magana ta rikice, har ya faɗi. Mutanen gida su ce iska ce, a shiga hayaƙi da tofi, alhali sukarinsa ne ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita, wato 70 a wasu na'urorin awo. Wanda aka horar ya san abin yi: in majinyacin yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari uku ko babban cokali ɗaya a ruwa, a sake dubawa bayan minti 15, sannan a ba shi abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a ruga da shi gidan likita.

Sai ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, maki 2 zuwa 8, ba tare da ta daskare ba. Wadda aka fara amfani da ita tana iya yin kusan sati huɗu a waje in an kare ta daga rana. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021 ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37. Amma bazararmu tana haura 40. Dabarar tana hannunmu: tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. A sa kwalbar cikin abin da ruwa ba zai taɓa ta ba, a ajiye a inuwa.

Kada wani ya ce mutanen karkara ba za su iya ba. A Nijar ɗin nan wakilan lafiya na garuruwa ke raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina. A ƙasar Mirya aka koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu don gano tamowa, har abin ya bazu. Tun 2014 ma'aikatan ɗakunan shan magani suka fara yin allurar tazarar haihuwa ta Sayana Press. A 2022 kuma ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince cewa kafin 2030 duk mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin, ya samu insulin da abin awon jini cikin rahusa. Wannan alkawari ba zai yi mana rana ba in babu wanda ya iya aiki da su a gida.

Don haka muna roƙon hukumomin lafiya na Mayahi da Tasawa su tsara horo a kowace CSI, kada a sallami mai insulin sai an koya wa mutum biyu daga gidansu, sun yi a gaban ma'aikaci, sun kuma san ba su da ikon ƙara ko rage yawan magani sai da izinin likita. Ƙaramar hukuma da 'yan kasuwarmu, da 'ya'yanmu da ke ci-rani, ku haɗa hannu ku sayi na'urar awon sukari da tsinkenta ga kowane ɗakin shan magani, da akwatin zuba tsofaffin allurai don kada yara su tsinta a juji. Malamai, kafin azumi ya kama ku tunatar da jama'a cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame, mai insulin ya tuntuɓi likita tukuna. Iyaye, yaron da ke yawan ƙishirwa da fitsari yana ramewa, ku nemi a auna sukarinsa, kada a tsaya ga maganin zazzaɓi.

Kai kuma da ke jinyar wani a gida, kada ka jira a kira taro. Ɗauki kwalbar da sirinjin ka je CSI mafi kusa a wannan satin, ka ce a duba su, a kuma koya maka har ka iya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.