Ƙwallon da ya fashe ya fi allo iya koyar da lissafi

A filayen wasa na Lajawa, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, ƙwallon da ɗinkinsa ya warware ya gama aiki, sai bola. Wannan asara ce, domin da wuya a sami kayan koyarwa a makarantun yankin da ya kai shi bayyana lissafin siffofi, darasin da ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawar WAEC su manta washegari.

A ɗauki ƙwallo irin na da, samfurin Telstar da kamfanin Adidas ya yi wa Gasar Cin Kofin Duniya ta 1970 a Meziko. Ƙyalle 32 ne aka harhaɗa: 20 farare masu kusurwa shida, 12 baƙaƙe masu kusurwa biyar. Layukan ɗinki 90 ne, mahaɗarsu 60. Idan aka cire 90 daga 60 aka ƙara 32, amsar 2 ce, kuma wannan ƙa'idar da ake dangantawa da Leonhard Euler tana aiki a kan kowane ƙwallo, ko wane ne ya ɗinka shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne dalilin baƙaƙen nan goma sha biyu. Kowace kusurwar ƙyalle mai gefe shida digiri 120 ce. Uku suka haɗu, sun cika 360 cif, don haka suna shimfiɗuwa kamar saƙar zuma. Ko baduku zai shekara yana ɗinka su, tabarma zai samu. Kusurwar mai gefe biyar kuwa 108 ce. A kowace mahaɗa ta ƙwallo, 108 da 120 da 120 sun ba da 348, saura giɓin digiri 12. Rufe wannan giɓi da zare shi ne ke tilasta wa fata ta lanƙwashe. A ninka 12 sau 60, a sami 720, adadin da René Descartes ya gano cewa dole kowace rufaffiyar siffa irin wannan ta biya. Yaron da ya farke ƙwallo ya shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa zai ga giɓin da idonsa.

Darasin yana bin ɗalibi har Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, inda ake karanta ilimin kwamfuta. A zanen kwamfuta mai kauri da zurfi, kusan komai da alwatika ake gina shi. Hanyar da sabon shiga kan bi ita ce ya ɗauko dunƙule mai layuka irin na taswirar duniya ya manna masa hoton ƙwallo. Sakamakon kan yi muni: zanen ya tattare a sama da ƙasa, ya miƙe a tsakiya. Hanyar ƙwararru ta fara ne da siffa mai fuska 20, kowacce alwatika, mai tsini 12. A sare kowane tsini a kashi ɗaya bisa uku na tsawon gefe, sai mai kusurwa biyar ya fito a gurbinsa, kowace alwatika kuma ta koma mai kusurwa shida. Daga nan a rarraba fuskokin ƙanana-ƙanana, a tura kowane ɗigo har nisansa daga cibiya ya zama ɗaya, kamar yadda iska ke yi wa fata. Manhajar Blender, wadda kyauta ce, tana iya duk wannan.

Sauko da ƙwallon da wani ya riga ya zana daga intanet ya fi sauƙi, kuma a nan matsalar take. Wanda ya saba da haka zai tsaya cik ranar da aka ce ya zana ƙwarya, ko tulu, ko kubbar masallaci, abubuwan da ba lalle wani ya tanadar masa ba.

Za a ce ƙwallon zamani ya bar wannan tsari. Gaskiya ne: Teamgeist na 2006 ƙyalle 14 ne, Jabulani na 2010 takwas, Brazuca na 2014 shida. Amma Brazuca akwati ne da aka hura, mai mahaɗa 8 da ɗinki 12, amsar dai 2 ce. Za a kuma kawo kukan rashin wuta da kwamfuta a makarantun karkara. Rabin farko na aikin kwali da almakashi da gam kawai yake buƙata, kuma malamin lissafi a Lajawa zai iya kammala shi da ajinsa cikin darasi biyu, kafin ɗaliban su taɓa ganin Blender a Wudil.