Kafin Ka Yarda A Yi Wa Kwamfutarka Fomat



A watan jiya wata 'yar ƙungiyarmu ta rasa babi 11 na littafinta na farko. Kwamfutarta ce take nawa, ta kai wa mai gyara, ya ce sai an yi fomat, ta ce to. Ya kwafe mata hotuna da waƙoƙi, ya bar rubutun ya bi ruwa. Mun yi ta tsine masa, amma laifinmu ya fi nasa. Mu ne muke miƙa wahalar shekara guda ba tare da tambaya ko ɗaya ba, wai mu marubuta ne, ba injiniyoyi ba. Tela ya san ciwon kekensa, maƙeri ya san zugazuginsa. Mu kaɗai ne muke tinƙaho da jahiltar kayan aikinmu.

Ga misalin abin da fomat ba ya gyarawa. Yawancin laftof 'yan kwatano da muke saye suna da faifan ajiya mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti guda, da wata allura mai kai-komo tana karantawa. Idan ka buɗe Word, ga intanet, ga Windows yana sabunta kansa, buƙatu sukan taru wa faifan. In ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka zo, ya zama direban A Daidaita Sahu mai sauke fasinja bisa wanda ya riga shiga: ya kai na Sabon Gari, ya juya Gidan Zu, sannan ya dawo ya sauke na Bata.

Maganin wannan zirga-zirga shi ne NCQ, dabarar da Intel da Seagate suka yi bayaninta tun 2003. Faifan yakan karɓi buƙatu har 32 a jere, ya tsara su da kansa, ya fara da wadda ta fi kusa da allura. Amma sai an saita hanyar faifan a kan AHCI a cikin BIOS dabarar take aiki. Windows XP bai zo da manhajar AHCI ba, shi ya sa masu gyara suka saba mayar da saitin kan IDE don aiki ya yi musu sauƙi. Tun daga Windows Vista wannan uzuri ya ƙare, amma har yau akwai kwamfutocin da ke tafiya a kan IDE. Ko sau goma aka yi musu fomat, in ba a taɓa saitin ba, jiya i yau.

Dubawa ba wuya. Buɗe Device Manager, ka nemi layin masu sarrafa faifai. In ka ga AHCI, to wannan ba ita ce matsalarka ba. Masu Linux su duba lambar da ke cikin /sys/block/sda/device/queue_depth: 1 na nufin babu jerin, 31 ko 32 na nufin yana aiki.

Sai dai kada garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya shiga BIOS kai tsaye ya sauya IDE zuwa AHCI, Windows zai iya ƙin tashi, ya nuna masa shuɗin allo. Daga nan ne ake rugawa wajen mai gyara, shi kuma ya ce fomat, alhali mayar da saitin yadda yake ya isa. A Windows 10, fara kwafe rubutunka a filasha da imel. Sannan ka umarci kwamfutar ta tashi a Safe Mode ta msconfig, ka sake kunna ta, ka shiga BIOS ka sauya, ka bar ta ta tashi, ka cire umarnin. Windows 7 kuwa sai an fara kunna msahci a rajistarsa.

Muna kuma ja da masu tallar NCQ kamar maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu. Amfaninsa yana fitowa ne idan ayyuka sun yi wa faifai yawa. In Word kaɗai ka buɗe, da ƙyar ka ga bambanci. In faifan ya fara ƙas-ƙas, ajalinsa ne ya matso, ka kwashe kayanka yau. Mai hali ya sayi SSD, wanda ba shi da allura balle juyi.

Wani zai ce me ya kawo wannan zance zauren adabi? Babi 11 ne suka kawo shi. Kuma in mu masu alƙalami ba mu rubuta irin wannan bayani da Hausa ba, wa muke jira ya rubuta wa ƙannenmu?

Daga yau, duk wanda aka ce wa fomat, ya tambayi mai gyara abu uku: me ka gano yana jawo nawar? A kan wane saiti faifan yake? Ina ka kwafe rubutuna, in gani da idona? Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji kuwa, ɗauki kwamfutarka ka yi gaba.

Kowa ya duba tasa, ya faɗa mana abin da ya gani a ƙasa. Allah Ya tsare mana rubutunmu.